Fitilar Mashina da Sunan Bitrus

'Ya'yana, dukanku kun tashi da sanin cewa na daina hawa mashin ne saboda an hana hawansa a garin nan. Ban taɓa gyara muku zancen ba, don ya fi mini daɗi a haka. Gaskiyar ita ce tun kafin a hana kowa, ni na riga na jingine nawa a zaure da wata biyar, kuma a cikin wannan shekarar na yi wa wani mutumin kirki abin da har yau in na tuna sai kunya ta kama ni. Sunansa Bitrus. Manyanku za su tuna shi, dogon mutumin nan mai giɓi, bakanike, wanda yake kawo mana gyaɗa daga garinsu na kudancin jiha duk ƙarshen damina. Shekara ashirin da wani abu yana gyara mini mashin, ya zo sunan uku daga cikinku, ni ma na je bikin babbar 'yarsa. Wannan mutumin na ɓata wa suna a gaban jama'a, kuma a kan ƙwan fitila.

Lokacin na yi ritaya daga aikin akawu, na koma wa gonata ta Dusuman. Da hantsi nake barin unguwarmu Shehuri, in kama hanyar gida idan rana ta yi ja, in iso ana kiran magariba ko bayanta kaɗan. Kun san halina, ba sai na ɓoye ba. Mutumin da ya shekara talatin yana bin takardun wasu da jan biro yana gyara musu kuskure, ba ya saurin yarda cewa shi ma akwai inda za a ja masa layi. A ofis suna kirana Malam Bukar Gyara a bayan idona, suna zaton ban sani ba. Na sani, kuma ina jin daɗin sunan.

Ana cikin roron wake fitilar ta fara wasa da ni. In na karya kan mashin hagu sai ta ɗauke, in na miƙe sai ta dawo. Kwana uku a haka, ran na huɗu ta mutu gaba ɗaya, na shigo gari ina bin bayan wata motar itace ina aron haskenta. Da safe na shimfiɗa buhu a tsakar gida, na ɗauko sukudireba da filaya. Mahaifiyarku Falmata tana wanke-wanke tana kallona ta gefen ido.

"Malam, ka kai wa Bitrus mana."

"Sauya ƙwai ne fa, ba haƙar rijiya ba."

"To. Rediyon ma haka ka ce."

Ban kula ta ba. Na kwance kusoshi biyun da suka riƙe bakin fitilar, na zaro kwanon da gilashinsa, na murɗe ƙwan daga mazauninsa. Na ɗaga shi sama na ga cikinsa ya yi baƙi, siririn zaren nan ya tsinke yana lilo. Na ce ga ɓarawon. Na sayo sabo, na damƙe shi da hannuna mai baƙin mai na cusa, na mayar da kusoshi, na kunna ta kama. Na kalli Falmata, ta ce sannu da aiki. Kwana shida ƙwan ya ƙone. Na sayo wani, shi ko kwana huɗu bai cika ba. Ranar na tura mashin waje kamar gona za ni, na nufi wurin Bitrus.

Garejinsa ɗan shago ne na kwano a gindin wani babban dogonyaro, kan hanyar da ta nufi unguwar Mairi. Akwai dogon benci a inuwar, kullum cike da 'yan acaba masu jiran gyara da masu jiran hira. Gefe guda Modu mai faci, can gaba kuma mai shayi. Bitrus yana da wata al'ada da a da nake yi wa dariya: ba ya taɓa mashin sai ya gama tambayar mai shi, kamar likita. Yaushe ta fara, a kan kwalta ko a gargada, da ka juya hagu ko dama. Da na gama ba shi labari, na haɗa da cewa ƙwayayen yanzu duk na banza ne, sai ya yi murmushi.

"Wushe, sannu Malam Bukar, ka yi ƙoƙari. Amma ƙwai ba ya mutuwa haka kawai. Akwai mai kashe shi."

Na zauna a kan wata tsohuwar taya ina kallonsa. Ya buɗe fitilar, bai ko kalli ƙwan ba, ya bi wayoyin da yatsa ɗaya bayan ɗaya har zuwa wuyan mashin, inda suke lanƙwasa duk lokacin da aka juya kai. Nan ya nuna mini wata da ta goge, jan ƙarfen cikinta ya fito yana taɓa jikin mashin. Ya yanke wurin, ya haɗa da dalma, ya naɗe da baƙin tef. Ya kwance wayar ƙasa, wadda take ɗaure a jikin ƙarfe, ya same ta ta yi tsatsa, ya goge da samfefa har ta yi fari. Mazaunin ƙwan ma ya saki, shi ya sa ƙwan yake rawa a gargadar Dusuman, ya matse shi da bakin filaya. Ya duba fiyus, ya gwada batir, ya tayar da injin ya murɗa totur yana kallon allurar ma'auninsa don ya ga ko wuta tana yi wa ƙwan yawa. Bayan duk wannan ya wanke gilashin ciki da waje, ya je ya wanke hannunsa da sabulu, ya ɗauko sabon ƙwai da ƙyalle mai tsabta. Ya ce irin wannan ba a taɓa gilashinsa da yatsa, maiƙon hannu yana sa ya yi zafi wuri guda ya fashe. Na tuna yadda na damƙi nawa.

"Yanzu ko allura ka yar a hanya, za ka gan ta."

Da yamma na taso daga gona da ƙwarin gwiwa. Fitila ba ta ɗauke ba ko sau ɗaya, na juya hagu, na juya dama, tana nan daram. Sai dai hasken bai gamshe ni ba. Dushi-dushi nake ganinsa, kamar an shafa wa gilashin koko. In mota ta taho daga gaba kuwa, nata hasken sai ya bazu ya cika mini fuska, in rasa inda bakin titi yake. Washegari na koma na ce aiki bai yi ba. Bitrus bai yi musu ba, ya sauya mini da wani ƙwan da ya fi ƙarfi, ya daidaita fitilar ta ɗan kalli ƙasa. Bayan kwana biyu na sake komawa. Ya sake buɗewa, ya sake bin wayoyi, bai sami komai ba. A zuwa na uku na lura ya fi kallon fuskata fiye da mashin, na ɗauka rashin gaskiya ne yake sa shi haka.

Ranar da rana tsaka ce, benci ya cika. Ya ce in shigo da mashin cikin shago. A ciki akwai wani sabon mashin dal da aka kawo masa juyen mai. Ya jera su biyu suna kallon bango, ya jawo ƙofa ya rufe, shagon ya yi duhu. Ya ce in tsaya a tsakiya in kalli bango kada in waiwaya. Bai tayar da ko ɗaya ba don kada in gane su da ƙara, da batir ya kunna. Haske ya faɗo a bango, ya ɗauke. Wani ya faɗo, shi ma ya ɗauke.

"Wanne ne naka?"

"Na farkon mana, mai dushin nan. Na biyun ya ɗan fi shi."

"Waiwayo ka gani."

Ya sake kunna na farkon. Sabon mashin ne. Nawa shi ne na biyun, wanda na ce ya fi. Na tsaya ina kallon su biyun, shi kuma ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya duk da ƙofa a rufe take.

"Malam Bukar, fitilarka lafiyarta ƙalau. Ka je a duba maka ido. Babana haka ya fara, shi ma lantarkin coci ya yi ta zagi."

Yanzu da nake rubuta wannan na san abin da ya yi. Ya rufe ƙofa ne don kada kowa ya ji, ya jira har zuwa na uku don ya tabbata, ya sa mahaifinsa a ciki don kada in ji ni kaɗai ne. A lokacin ban ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Tsoro ne ya kama ni, tsoro sosai, domin kakana ya makance kafin ya rasu, kuma na tuna yadda ake jan sa zuwa masallaci. Ni kuwa tsoro ba ya fito mini a tsoro, a faɗa yake fitowa. Na bankaɗe ƙofar, na turo mashina waje, na tsaya a gaban bencin nan mai mutum wajen goma sha biyar, na ɗaga murya.

"Ku yi hankali da mutumin nan. Ƙwan jabu yake sa wa mutane. Sau uku ina dawowa, da ya rasa abin faɗa sai ya ce wai makanta ke damuna."

Duk suka juya suna kallon ƙofar shagon. Ni dattijo ne da farar hula, tsohon ma'aikaci, kowa ya san tare muke da shi shekara da shekaru. In irina ya faɗi haka a kan abokinsa, wa zai ce ƙarya ne? Bitrus ya fito ya tsaya a bakin ƙofa yana goge hannu da tsumma. Na jira ya kare kansa, in sami abin da zan ƙara. Da ya so, da kalma biyu ya gaya musu abin da ya faru a cikin shagon, a yi mini dariya a wuce wurin. Bai faɗa ba.

"Ka tafi a hankali, Malam. Kada ka bari magariba ta same ka a hanya."

Bayan sallar isha muna zaune a tsakar gida na ba Falmata labari, yadda na ga dama na ba ta. Ta saurara har ƙarshe tana gyaran zogale a tire. Mahaifiyarku ba ta da hayaniya, amma in ta ajiye magana sai ka kwana kana juya ta.

"Ƙwan ɗakinka ka ce ya dushe, aka sauya. Tocila ka ce batir ɗinta na banza ne. Shekaranjiya ka ce farin watan bana bai kai na da ba. Shi ma Bitrus ne ya gyara shi?"

Na ce mata ta iya bakinta. Ta ce to.

Na ci gaba da zuwa gona kusan mako uku, ina tasowa da wuri ina cewa aiki ne ya ragu. Wata ranar masu ɗaukar wake suka makara, ban taso ba sai da rana ta faɗi. Ban yi nisa da Dusuman ba na ga wani abu a gefen hanya kamar inuwar kututture. Ina dab da shi ya motsa. Na taka birki, mashin ya ja ƙasa, madubina ya kwashi ƙarshen itacen da ke kanta. Wata tsohuwa ce da damin kirare. Itacen ya zube, ita Allah ya tsare ko ƙwarzane ba ta yi ba. Na sauka ina ba ta haƙuri, ina cewa fitilata ce ba ta da kyau. Ta kare fuskarta da hannu saboda hasken, ta yi magana da Hausarta ta Barebari.

"Wannan wuta kamar rana, tun can ni na gani. Kai ne ba ka gani ba, ɗana."

Na taya ta tattara itacen, na ɗora mata. Na iso gida a giya ɗaya, ƙafafuna suna jan ƙasa. Na jingine mashin a zaure, na zare makulli na miƙa wa Falmata, na ce ta ajiye inda ban sani ba. Ba ta ce ai na faɗa maka ba, kuma har yau ina gode mata a kan wannan. Gonar na ba wani maƙwabcina ya ci gaba da nomawa. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, don ita ce abin da nake tashi dominsa da safe.

A asibitin ido suka ce yanar ido ce a duka biyun, ta dama ta fi nuna. Aka yi mini aiki a na dama. Bayan ya warke, wata rana da magariba na ce Falmata ta ba ni makullin, ba hawa zan yi ba. Na shiga zaure na murɗa, na kunna fitilar. Sai da na runtse ido. Na ga tsagar da ke jikin bangon, na ga saƙar gizo a kusurwa, na ga layin tururuwa suna hawa da ƙwayar gero. Wata huɗu mashin yana tsaye, ƙwan da Bitrus ya sa da ƙyalle yana nan yana ci. Na zauna a dakalin zaure, kunya ta rufe ni, har hawaye ya zubo mini ta idon da aka gyara da wanda ba a gyara ba.

Za ku zaci washegari na tafi wurinsa. Ban je ba. Na ce sai ido ya ƙara ƙwari. Na ce sai bayan Juma'a. Na haɗu da Modu mai faci a kasuwa, ya gaya mini da yawa daga 'yan acaban sun koma wani gareji tun ranar, benci ya zama na mutum uku ko huɗu. Na ji maganar har cikin ƙashina, amma na dawo gida na sake cewa gobe. Abin da yake hana ni shi ne na san ba a ɗaki zan ba shi haƙuri ba. Inda na yi ɓarnar nan zan tsaya in ce ni ne maƙaryacin, kuma bakina ya ƙi ɗaukar wannan. Falmata ta ce mini girman kai rawanin tsiya ne, na ce na ji.

Ina cikin gobe-goben nan aka wayi gari an hana hawa mashin a birni, saboda halin rashin tsaro da ake ciki a lokacin, wanda ba sai na ba ku labarinsa ba. Cikin 'yan kwanaki 'yan acaba suka watse, wasu suka yi ƙauye, wasu suka bar jihar. Sai a lokacin na tari keke mai ƙafa uku na tafi. Na sami dogonyaron yana nan, bencin babu kowa. Modu yana zaune a kan tayoyinsa, mai shayi yana wanke kofuna. Bitrus yana durƙushe a bakin shago yana zuba sifanu da sauran kayan aikinsa a buhu. Ya ɗago ya gan ni, ya miƙe.

"Malam Bukar. Wane idon aka yi?"

"Na dama."

"To, tsaya ta nan ka gan ni da kyau."

Na kira Modu, na kira mai shayi, na ce su matso. Na faɗi komai, da rufe ƙofar, da mashin biyun, da yadda na nuna sabon na ce shi ne mai dushi. Na ce ƙwansa ba jabu ba ne, aikinsa babu aibi, ƙarya na yi masa don na ji tsoro. Na roƙe shi ya yafe mini don Allah. Ya kama hannuna da hannuwansa biyu.

"Na yafe tun ranar. Na san ba da ni kake faɗa ba. Amma Malam, ta yi zafi. Mutanen da nake gyara wa mashin shekara goma, babu wanda ya zo ya tambaye ni ko gaskiya ne."

Mai shayi ya haɗa mana shayi, muka sha a kan bencin. Bitrus ya ce zai koma garinsu, can ba a hana mashin ba, kuma akwai gonar mahaifinsa. Na taya shi ɗaure buhunan. Ina ɗaurewa ina duban bencin, mutum goma sha biyar suka ji zagin, biyu suka ji ban haƙurin. Tun daga nan muna waya, ni in kira shi da Kirsimeti, shi ya kira ni da Salla, kuma bai taɓa tayar da zancen ba.

Shekara biyu da suka wuce na je Mairi duba 'yar'uwarku Yagana da ta haihu, na taso da magariba a keke. Direban magidanci ne, zai yi shekara arba'in. Na lura fitilarsa tana ɗaukewa duk lokacin da muka faɗa rami, na ce masa ya sa a duba wayar ƙasa da mazaunin ƙwan, kada ya yi ta sauya ƙwai a banza. Ya yi dariya ya ce ashe Baba bakanike ne. Na ce a'a, a wurin wani Bitrus na gani, mai gareji a gindin dogonyaro a da.

"Bitrus? Ai wannan ɗan jabu ne, Baba. Lokacin muna acaba kowa ya sani. Wani dattijo abokinsa ne ma ya tona masa asiri a gaban mutane."

"Kana wurin?"

"A'a, yayana ne ya ba ni labari."

Na ce ya tsaya a gefen titi. Ya tsaya yana zaton wani abu na yar. Na gaya masa ni ne dattijon, na ba shi labarin tun daga roron wake har zuwa buhunan sifanu, motoci suna wuce mu. Ya saurara da ladabi, ya jinjina kai.

"Allah ya kyauta, Baba. Ni dai haka na ji, kuma gaskiya na gaya wa mutane da yawa."

Na tambaye shi ina yayan nasa yake, in je in same shi. Ya ce ya rasu.